Kati, Rediyo ko Malamin Intanet: Wace Hanya Ce Ke Sa Turancin Yau da Kullum a Bakin Ɗan Japan?

Ɗalibin da ya gama sakandare a Japan ba matalauci ba ne a fannin kalmomin Turanci. A tsarin karatun da ma'aikatar ilimin ƙasar ta fara aiki da shi daga 2020, yaro yakan haɗu da kalma 600 zuwa 700 a firamare, 1,600 zuwa 1,800 a ƙaramar sakandare, sai 1,800 zuwa 2,500 a babbar sakandare. In aka tara, abin yakan kama tsakanin 4,000 da 5,000. Su kuwa Stuart Webb da Michael Rodgers, da suka ƙirga kalmomin fina-finai da shirye-shiryen talabijin na Turanci a 2009, sun gano cewa wanda ya san dangin kalma 3,000 (wato kowace kalma tare da sauran siffofinta), haɗe da sunayen mutane da na wurare, ya san kusan kashi 95 cikin ɗari na abin da ake faɗa. Ƙirgan biyu ba iri ɗaya ba ne, amma ko yaya aka juya lissafin, a takarda ɗan Japan yana da guzurin hira.

To amma ajiye shi a ɗakin otal a Sidni, ka ce ya ɗauki waya ya gaya wa ma'aikata famfo na ɗiga, wurin wanke hannu kuma ya toshe. Nan za ka ji shiru. Ya san kalmar muhalli, ya san ta tattalin arziki da ta yarjejeniya, amma ɗiga da toshewa ba kasafai suke fitowa a jarrabawa ba. Ɗalibanmu da ke karatu a jami'o'in Japan, da masu koyar da Turanci ta intanet, ba za su daɗe ba wani abokin aji ko ɗalibi zai tambaye su wace hanya zai bi. Hanyoyin suna da yawa, kowacce kuma da masu tallarta, shi ya sa kafin a auna su gara a san ciwon da ake nema wa magani.

Jarrabawa ce ke jan ragamar Turanci a Japan. Eiken, jarrabawar gwada ƙwarewar Turanci ta cikin gida, ta fara a 1963. TOEIC, wadda cibiyar ETS ta Amurka ta tsara bisa buƙatar 'yan Japan, a can aka fara yin ta a 1979, kuma nau'inta da kamfanoni suka fi dubawa tambaya 200 ce ta saurare da karatu, makin ƙoli 990, ba a buɗe baki ko sau ɗaya. Jarrabawar bai-ɗaya ta shiga jami'a ma haka take, karatu da saurare. Abin da wannan ya haifar shi ne ɗalibi yakan riga sanin doguwar kalma ta littafi kafin gajeriya ta kan titi. Ya san "postpone", amma in aka ce masa "put off" sai ya tsaya yana kallo. Turancin gida da na kasuwa kuwa a kan ƙananan kalmomin aikatau irin su "get", "put" da "take" yake tafiya, a liƙa musu "up" ko "out" ko "off" ma'ana ta sauya gaba ɗaya.

Sai matsalar kunne. Rubutun katakana da ake rubuta kalmomin aro da shi ba kasafai yake barin baƙi biyu su haɗu ba, sai an cusa wasali. "Strike", gaɓa ɗaya a bakin Bature, takan koma "sutoraiku". Mu ma mun san wannan aikin, daga nan muka samu burodi da buroshi. Bambancin shi ne ɗan Japan yakan haddace kalmar da wannan sauti, ranar da ya ji ta a bakin mai ita sai ya kasa gane ta, alhali tana cikin littafinsa har ya ja mata layi.

Na uku shi ne mafi ban takaici, domin mai shi bai san yana da shi ba. Akwai tarin kalmomi masu kama da Turanci da aka ƙera ko aka karkatar a Japan. Soket ɗin wuta "konsento" ne. Gidan bene na haya ko na saye mai ɗakuna da yawa "manshon" ne, wanda a kunnen Ba'amurke katafaren gidan attajiri ne. Satar amsa a jarrabawa "kanningu" ce. Cin abinci na ɗebi-da-kanka "baikingu" ne, sunan da ya samo asali daga wani gidan abinci da otal ɗin Imperial na Tokyo ya buɗe a 1958. Mutum zai faɗi waɗannan da ƙarfin gwiwarsa, ba littafin da zai tsayar da shi, sai dai wani mai rai da zai ɗaga gira ya ce bai gane ba.

Da waɗannan ukun nake auna kowace hanya. Tana kawo kalmar gida a cikin jimlarta? Tana sa a furta ta? Akwai wanda zai kama kuskure?

Mu fara da wadda kowa ya sani. Shiga jirgin ƙasa da safe a kowane birnin Japan, da wuya ka rasa ɗan sakandare tsaye da ɗan ƙaramin littafin kalmomi, yana zamar da wata 'yar jar leda mai haske a kan shafi. An buga ma'anonin da jan tawada, in ledar ta rufe su sai su ɓace, ya gwada kansa, ya zame ta ya duba. Babban yayan wannan dabara shi ne manhajar Anki, wadda Damien Elmes ya fitar a 2006, mai dawo maka da katin hadda (kalma a gaba, ma'ana a baya) daidai lokacin da kake gab da mantawa da shi, bisa abin da Hermann Ebbinghaus ya nuna tun 1885 game da yadda mantuwa ke cin hadda. Hanya ce mai araha, ana yin ta a tsaye cikin cunkoso, kuma mutum yana ganin ci gabansa da lamba. Wanda tushensa ya yi rauni, wanda ya bar Turanci shekara ashirin, yana bukatarta. In zai yi, gara ya kama jerin kalmomin da aka fi amfani da su, irin wanda Charles Browne na jami'ar Meiji Gakuin da abokan aikinsa suka fitar a 2013 mai kalma kusan 2,800, da ya kama littafin shiga jami'a.

Amma wanda ya riga ya ci maki 600 ko 700 a TOEIC, ƙara hadda a gare shi kamar ƙara dami ne a rumbun da ya cika alhali ba a sussuka ko ɗaya ba, gida kuma ana jiran tuwo. Katin yana koya masa kalma ɗaya ta Turanci daidai da kalma ɗaya ta Japananci, yana kuma tafiya ta fuska guda, daga gani zuwa ganewa. Hira kuwa ta ɗaya fuskar take bi. Haɗarin hanyar shi ne daɗinta: ba kunya a cikinta, ba wanda zai ji ka yi tuntuɓe, saboda haka mai jin nauyin magana zai iya shekara biyar a ɓoye a bayanta yana cewa bai shirya ba tukuna.

Rediyon NHK, gidan watsa labaran ƙasar, ya fi wannan kusa da baki. Tun 1925, shekarar da aka fara watsa rediyo a ƙasar, ake koyar da Turanci ta iska, kuma bayan yaƙi shirin Hirakawa Tadaichi da ya fara a 1946 ya zama abin da gidaje ke taruwa a saurara. Shirin hirar Turanci na yanzu minti 15 ne, da ɗan littafinsa na wata-wata a kantin littattafai, ana kuma iya saurarensa ta waya. Abin da ya fi burge ni da shi, waɗanda suka san inda ɗan Japan ke faɗuwa ne suka rubuta shi. Gajeriyar hira ce tsakanin miji da mata ko abokan ofis, a yi bayani da Japananci, a bar maka gurbi ka maimaita. Kalmar tana zuwa da tufafinta. Rauninsa biyu: Turancin a wanke yake tas, ba haɗiye harafi ba katse juna, sannan in ka maimaita ba daidai ba rediyo ba ya juyowa. Sabon zango kuma a Afrilu yake farawa tare da shekarar karatu, lokacin da kowa ke da zafin nama, sai a ga wa zai kai damina ta wuce.

Masu son Turancin da ba a wanke ba sukan koma kan wasannin talabijin na Amurka da Birtaniya. A nan sai an yi gaskiya: kallo da fassarar Japananci a ƙasan allo hutu ne, ba karatu ba. Abin da ke aiki shi ne bin sawun murya, dabarar da aka aro daga horon tafintoci. Ka yanki wuri ɗaya da bai wuce minti guda ba. Ka kalla da fassara don ka san abin da ake ciki, ka sake da rubutun Turanci, ka kashe rubutun, sannan ka riƙa faɗar abin da ɗan wasan ke faɗa kana biye da shi da ɗan taƙi kaɗan, har sautin ya zauna. Babu maganin katakana kamar wannan, domin baki ba ya samun sararin cusa wasali. Da gajiya, ba shakka, kuma a ƙaramin ɗaki mai siririn bango irin na Tokyo mutum sai ya yi ƙasa da murya saboda maƙwabta. Zaɓen shiri ma da muhimmanci. Wasan 'yan sanda da na asibiti za su cika maka kai da kalmomin kotu da na tiyata. Wasan iyali da na ofis su ne masu kicin, cefane da rigimar wanke kwano. Akwai kuma tarko: Japananci yana da matakan girmamawa a fili cikin nahawunsa, Turanci kuwa nasa a ɓoye suke cikin zaɓen kalma, saboda haka mai koyo zai iya ɗauko maganar da abokai ke yi wa juna a mashaya ya kai ta gaban baƙon kamfani.

Ɗan'uwan wannan ta fuskar ido shi ne yawan karatu, wanda Sakai Kunihide ya yaɗa da ƙa'idoji uku: kada ka buɗe ƙamus, tsallake abin da ba ka gane ba, in littafi ya gundure ka ajiye shi. Burin masu bin sa kalma miliyan ɗaya, suna farawa daga littattafan yara. Yana koya wa mutum wace kalma ke tafiya da wace, amma ido ɗin ne dai ya sake ƙoshi.

Makarantun hira da ke benayen kusa da tashoshin jirgi, irin su AEON, ECC, Berlitz da Gaba, ba zan daɗe a kansu ba. Suna da malami a gabanka da ranar da dole ka je, kuma akwai mutanen da in ba su biya kuɗi mai zafi ba ba sa motsi. Amma a yi lissafi. A ce aji na minti 50 ne sau ɗaya a mako, ɗalibai huɗu, malami ya ɗauki rabonsa. Abin da zai rage wa kowa bai fi minti goma ba. Darasin mutum ɗaya da malami yana gyara wannan, sai dai kowane zama yakan ci dubban yen. Wanda zai shiga kuma ya tuna da Oktoban 2007, lokacin da Nova, wadda ita ce mafi girma a lokacin, ta durƙushe da kuɗin ɗaliban da suka biya na dogon zango tun gaba. Biyan wata-wata ya fi kwanciyar hankali.

Darasin intanet shi ne ya sauya lissafin. RareJob ta fara a 2007 da malamai 'yan Filifin, DMM Eikaiwa ta biyo a 2013, ga Native Camp da ake shiga ba tare da kama lokaci tun gaba ba. Ma'aunin da suka saba da shi minti 25 ne, kai kaɗai da malami. Kullum sau ɗaya na wata guda ya haura awa 12, kuma tsarin da ba na malaman Amurka ko Birtaniya ba yakan tsaya ƙasa da yen 10,000 a wata. Awa ɗaya ce tsakanin Manila da Tokyo, don haka ma'aikacin da ya dawo gida ƙarfe goma na dare yana samun malami a farke. A cikin duk hanyoyin da ake bi ba tare da barin gida ba, wannan ce ta amsa tambayoyin nan uku gaba ɗaya.

Sai dai ita ma ana lalata ta, kuma ta hanya ɗaya ake yi. Ɗalibi ya zaɓi hirar sakaka, kullum da sabon malami. Kullum sunana wane, ina zaune a Saitama, ina son kallon ƙwallo. Bayan wata shida ya zama gwanin gabatar da kansa, bai ƙaru da kalmar kicin ko ɗaya ba. Malamin kuma, da yake ɗalibai ne ke ba shi maki bayan darasi, ba ya son ɓata wa kowa rai, sai ya yi murmushi ya bar kuskure ya wuce. Gyaran ba wuya. A tsaya a kan malami biyu ko uku. A gaya musu tun farko cewa ana son gyara, a rubuce, a akwatin saƙo. Sannan a zo da aiki a hannu. Yau zan bayyana miki yadda ake miyar miso, daga jiƙa busasshen ganyen teku har narkar da ƙullun a ludayi. Gobe yadda ake raba shara a unguwarmu, ranar mai ƙonuwa, ranar kwalba da gwangwani, yadda ake ɓare takardar jikin gora a murƙushe ta. A irin wannan bayanin mutum zai yi karo da jiƙa, tacewa, ɓarewa, murƙushewa, ɗaurewa, duk kalmomin da shekara goma ta makaranta ta tsallake. Nan ne kuma kati ke samun aikinsa na gaskiya: jimlar da ta gagare ka yau, Japananci a gaba, Turanci a baya, a faɗe ta da murya kafin a juya.

Akwai masu ƙara kuɗi sosai don lallai sai malamin da aka haifa da Turanci. A ganina, ga mai matsakaicin mataki, asarar kuɗi ce. Gaskiya ne Turancin Filifin yana da nasa kalmomin, banɗaki a can "comfort room" ne, kuma sabon salon maganar matasan Landan ba a birnin Cebu na Filifin za a same shi ba. Amma wa ɗan Japan zai yi magana da shi? Baƙi kusan miliyan 37 suka shiga ƙasar a 2024, kuma Koriya ta Kudu, Sin da Taiwan ne a sahun gaba. Mai kanti a Kyoto ko Asakusa yawancin Turancin da zai ji ba na Bature ba ne. Wanda za a tura aiki Amurka nan da wata uku, shi kam yana da hujjar biya.

Manhajojin musayar harshe irin su HelloTalk da Tandem kyauta ne a matakin farko, kuma ɗan Japan ɗan gata ne a cikinsu, saboda masu son koyon Japananci ta dalilin zanen anime sun yi yawa. Za ka ga yadda mutane ke rubuta wa juna da gaske, da gajartawa da barkwanci. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Rabin lokacin kai ne malami, abokin hirar zai iya ɓacewa ba sallama, ya san daidai amma bai san dalili ba, wasu kuma, mata sun fi kowa sani, ba harshe ya kawo su ba. Manhajojin hira da na'ura sun fi dacewa da mai tsananin kunya, kuma suna da amfani wajen tambayar yadda za a faɗi abu ɗaya ga aboki da ga shugaba. Matsalarsu haƙurinsu ya yi yawa. Ba sa katse ka, ba sa nuna gajiya, ba sa sauri kamar mai sayar da tikiti da layi a bayanka.

Tafiya waje ita ce babbar hanya, in an same ta. Japan ta ƙulla tsarin hutu-da-aiki, wato bizar da ke ba matashi damar zama yana aiki na ɗan lokaci, da Ostareliya a 1980, da Niyuzilan a 1985, da Kanada a 1986, galibi ga 'yan shekara 18 zuwa 30. Akwai kuma makarantun Cebu da ake zuwa na 'yan makonni a yi ta darasin mutum ɗaya tun safe har yamma. A can kalmomin gida dole suke zuwa, daga mai gidan haya, daga kantin magani, daga shugaban kicin mai faɗa. Amma ƙasa ba ta koya wa kowa harshe da kanta. Saurayin da ya sauka a Sidni ya kama aiki a gidan abincin Japan, ya kama ɗaki da 'yan ƙasarsu, zai iya dawowa bayan shekara da Turancin da ya tafi da shi. Tsada kuma ta ƙaru, a 2024 dala ɗaya ta haura yen 160. Wanda ya yi shekarar da ta gabaci tafiyar yana darasin kullum shi ke cin ribarta, domin shi zai iya neman aikin da ba na 'yan gida ba.

In aka ce in zaɓa wa ma'aikaci mai matsakaicin maki abu ɗaya tak, darasin intanet na kullum zan zaɓa, da sharuɗɗan nan na malami tsayayye da aiki a hannu. In yana da ƙarin minti 15, rediyon NHK da safe, ya ɗauki jimla biyu daga ciki ya yi amfani da su a darasin dare. Wanda kunnensa ne ya fi ciwo ya musanya rediyon da bin sawun murya. Wanda ko jimla ɗaya ba ta haɗuwa masa kada ya yi gaggawar zama gaban malami, minti 25 na shiru yana kashe zuciya. Ya yi 'yan watanni da rediyo da kati tukuna. Mai jarrabawar ƙarin girma a wata mai zuwa kuwa ya riƙe jar ledarsa, ba laifi, amma ya san maki yake nema. Kowanne a cikinsu ya sa a ransa tafiyar doguwa ce: cibiyar horar da jakadun Amurka tana ware wa Japananci awa 2,200 na aji, tana lissafa shi cikin harsuna mafi wuya ga mai jin Turanci, nisan kuma bai ragu ba don an juyo daga ɗaya gefen.

Kai da aka zo wa da tambayar, kafin ka ba da shawara akwai gwajin da bai kai minti biyar ba. Ka ce ya ba ka labarin safiyarsa da Turanci, daga ƙarar agogo har tsayuwa a dandamalin jirgi, kada ya tsallake komai. Ka riƙe biro. In ya kasa haɗa jimla, rediyo da kati ne nasa. In jimla na fita amma ba ka gane sautin, bin sawun murya. In kuwa yana tafiya sumul sai ya tsaya cak a wajen ninke shimfiɗa, goge haƙori, ɗumama shinkafar jiya ko shanya kaya a baranda, ka rubuta wuraren da ya tsaya ɗin ka miƙa masa, ya kai wa malaminsa na intanet a darasin farko.